Kin Ce A Kawo Shi Da Ƙasarsa

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Iya mai gidan abincin bakin kwana, bayan doguwar jinyar ƙafa. Ni ne mai lambun da ya tsufa yana kai mata ganye. Na zauna in rubuta ta'aziyya, sai na tarar zuciyata tafasa take yi.

Iya, ranar da na fara zuwa ƙofarki na wanke alayyahona tas, ina jiran yabo. Kika ɗaga dami ɗaya, kika shinshina saiwar, kika miƙo mini abina. Kika ce, "Ɗan nan, wa ya ce ka yi masa wanka? Gobe ka kawo shi da ƙasarsa. In da danshi a jikinta, na san yau aka tuge shi." Na tafi ina ƙunƙuni. Washegari na dawo da shi duk laka, kika karɓa, kika zaunar da ni kika zuba mini abinci. Tun daga ranar albasa da karas ba sa shiga madafarki sai da ƙasarsu.

Shekarar da ambaliya ta cinye lambuna, ba ki juya mini baya ba. Kika gaya wa masu cin abinci cewa babu ganye sai lambu ya farfaɗo, wanda ba zai iya jira ba ga hanya nan. Babu wanda ya tafi. Teburanki ba su da yawa, amma kowa ya san kujerarsa. Tsoho mai gyaran agogo yana bakin taga, kina yanka masa nama ƙanana saboda haƙoransa sun ƙare, kina tsokanarsa wai ya gyara agogon kowa ya manta da bakinsa.

Da ƙafa ta kwantar da ke, babban ɗanki ya karɓi makulli, ya ce a riƙa kiransa Manaja. Ya sayo firiza, ya cika sito da gwangwanaye, ya tare ni a ƙofa ya ce, "Baba, zamani ya wuce laka. Kana ɓata mini tayil." Autarki, wadda ta tashi a gindin murhunki, ya mayar da ita mai buɗe gwangwani da wanke-wanke. Duk wannan na haɗiye, don gidan ba nawa ba ne.

Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne allon. Ba a gama karɓar gaisuwar mutuwarki ba, ya kafa sabon allo a saman ƙofa, da hotonki rungume da kwandon ganye. Kwandona ne, na san shi da karyayyen kunnensa. A ƙasa an rubuta wai daga lambu zuwa tukunya, kamar yadda Iya ta bari. Kina da rai bai bi koyarwarki ba, kin mutu ya ɗora fuskarki a kan ƙarya. Wallahi raina ya ɓaci.

Ku ma masu kujeru ban wanke ku ba. Harshenku ya ji bambanci, kuka sunkuyar da kai kuka ci gaba da loma, sannan kuka zo kuka fi kowa sharar hawaye. Mai gyaran agogo kaɗai ya ture kwano ya ce, "Wannan miyar ba ta san Iya ba."

Jiya da safe na tuge alayyaho na kai ƙofar baya. Auta ce ta buɗe. Ta ɗaga dami ta shinshina saiwar, yadda kike yi sak, ta ce, "Baba, na yau ne." Daga ciki Manaja ya ɗaga murya yana tambayar wanda ya shigo da datti. Ta ɗauki kwandon da tsohuwar tukunyarki, ta fito gindin bishiyar da ke tsallaken titi ta haɗa wuta. Mai gyaran agogo ya ɗauko kujerarsa ya bi ta, yana ja yana hutawa.

Ina yi wa Auta da 'yan uwanta da jikoki ta'aziyya, Allah Ya ba su haƙurin rashi. Manaja ma ina yi masa, don shi ma uwa ya rasa, amma ya sauke hoton nan. Allah Ya jiƙanki, Iya, Ya gafarta kurakuranki, Ya sa cikin da kika ciyar ya zama shaida a gare ki. Ƙasar da kika hana mu wankewa ita ce yau ta rufe ki. Allah Ya sa ta yi miki sanyi.