Ranar da Mama Mai Ƙosai Ta Yi Arziki

Aikina na farko bayan bautar ƙasa a wani ɗan kamfani ne da ke unguwar Gudu, a saman shagon masu sayar da taya. Rance muke ba mata masu ƙananan sana'o'i, kuɗin kuma daga ƙasar waje yake zuwa. An ɗauke ni ne saboda adabi na karanta a jami'a, wato ni zan riƙa rubuta labarin matan da irin salon da zai sa mai kuɗi a can nesa ya share ƙwalla ya ƙaro. Oganmu tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Yana matuƙar son ganin mata sun tsaya da ƙafarsu, muddin dai a hoto a durƙushe suke.

Muna da wata takarda ta auna talauci. Akwai talabijin a ɗakin? Akwai firij? Kujeru nawa? Daɓen ƙasa ne ko an shimfiɗa leda? Duk abin da aka gani sai a rage wa mace maki. A wajenmu talauci ma jarrabawa ce, ana ci ana faɗuwa.

A Karmo akwai wata dattijuwa 'yar Gbagyi mai suyar ƙosai a bakin hanya, kowa Mama yake ce mata. Ta taɓa karɓar ƙaramin rancenmu ta biya tsaf. Yanzu injin markaɗe take so, domin kullum da asuba sai ta ɗauki bokitin wake ta bi layi a injin wani, wata ran har 'yan makaranta su wuce ba ta ɗora kasko ba. Mata uku ne ke nema, injin kuma ɗaya. Wata Baturiya mai wakiltar masu kuɗin za ta zo ta ga gidajen da idonta, ita za ta zaɓa.

Dokar ofis ita ce ba a faɗa wa mace ranar da za a zo. Ni kuwa a gidanmu ba a faɗo wa mutum da baƙo haka kawai. Na tuna ɗakin Mama: katifa a ƙasa, benci guda, kalandar coci a bango. Zuciyata ta ce ai ko shara ta samu ta yi. Na kira ta.

"Mama, gobe muna tafe da babbar baƙuwa daga Turai."

Ta ce da Hausarta, "To yarinya na, ka kyauta. Allah ya yi maka albarka."

Na ajiye waya ina jin kaina kamar wadda ta shayar da mai ƙishi.

Washegari muka shiga layinsu, na kasa gane ƙofar. An rataya labule mai furanni. A ciki an shimfiɗa sabuwar leda, ga fararen kujerun roba guda shida, kowace da tambarin coci a bayanta. Ga talabijin ɗin tela maƙwabcinta. A lungu kuma ga firij ɗin mai kyamis, wanda daga baya na ji ƙarti huɗu ne suka ɗauko shi, ba a ma jona shi ba don babu soket a ɗakin. Mama na tsaye cikin ankon zumuntar mata, da sarƙa a wuya, tana ƙamshin turare. Ta yanka kaza. A ce amarya za a kawo, da ɗakin ya isa.

Oga ya matso kusa da kunnena, murmushinsa na fuskantar Baturiya.

"Malama mai waƙa, ke ce?"

"Yallaɓai, shara kawai na so ta yi."

"Ta kuwa share. Har injin ta share."

Baturiya ta ci shinkafa, ta ci cinyar kaza, ta yaba. Sannan ta goge hannu ta zaro takardarmu da biro. Ta nuna firij ta ce in tambaya ko na Mama ne. Na tambaya, ina ta ƙifta wa Mama ido. Maƙwabta sun cika ƙofa, har da matar mai kyamis ɗin.

Mama ta gyara ɗaurin kai ta ce, "Nawa ne mana."

Na juya na ce wa Baturiya na maƙwabci ne, aro aka yi. Ƙaryar fassara ta farko ke nan a rayuwata, ita ce kuma gaskiyar. Ashe Mama na jin Turancin kasuwa. Ta dafa ƙirji ta maimaita da shi, da ƙarfi: firij nata, talabijin nata, kujeru ma nata. Baturiya ta dube ni irin duban da ake yi wa ma'aikaciyar da ke son cusa 'yar'uwarta, biro ya ci gaba da aikinsa.

Injin kuwa unguwar Masaka ya tafi, wajen wata baiwar Allah da muka tarar tana wanke-wanke da tsohon zane. Ita ba ta yi rashin sa'ar samun mai tarbiyya irina ba. Mama kuwa Oga ya ce ba za a yi asararta ba. Ya sa na rubuta labarinta: yadda ƙaramin rancenmu ya fitar da mace daga ƙangi har ta mallaki firij. Na rubuta, har da zancen fitowar rana a kan rufin Karmo. An ce a can labarin ya taɓa zukata.

Ni aka tura in faɗa mata. Na same ta a bakin hanya tana tsame ƙosai. Na yi bayanin takardar da makin, na ce laifina ne.

Ta juya ƙosan da ke kasko ɗaya bayan ɗaya kafin ta yi magana.

"Baƙon ya ƙoshi?"

"Ta ƙoshi, Mama."

"To. Ba za su ce a Turai an zo gidana an zauna a ƙasa ba."

Na ce in Allah ya yarda baɗi za a kawo wani injin, zan sake sa sunanta. Ta ƙulla min ƙosai a takarda, ta hana ni zaro kuɗi.

"Ka tambayo min ogan naka, talauci kamar nawa suke so. In wanda nake da shi bai kai ba, in san inda zan aro."