Kwalabe Biyu a Bayan Tandar Burodi

Har gobe in na ji ƙamshin burodi mai zafi, ranar nan ce ke faɗo mini, ranar da Malam Sahabi ya ce a toshe rijiyar burtsatsen wani ƙauye kusa da Damaga, a ƙasar Maradun. Lokacin ruwan Bakolori ya daɗe da shiga magudanan noman rani, ni kuma ina ƙaramin ma'aikaci a ɗakin gwajin ruwa a Talata Mafara. Malam Sahabi shi ne babban jami'inmu. Mutum ne mai gaskiya, amma akwai gaggawa, Allah Ya jiƙansa.

Ƙarar da ta zo mana ita ce, ruwan rijiyar yana fitowa da ɗumi, fari tas, amma in ya kwana a randa sai ya wayi gari ja. Tuwo ya yi ja, farar riga ta yi ja. Da na leƙa madubin ƙara girma sai ga ƙwayoyi sirara, irin waɗanda muke kira bakteriya. Oga na gani ya ce, "Shi ke nan, masai ne ke tsiyaya ciki. Motar masu toshewa na dawowa daga Gusau, a rufe."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san in an rufe, matan ƙauyen magudana za su koma ɗiba, kuma can tsargiya take.

Ga yadda aikin yake, don ku sababbi. Ganin ƙwaya bai isa a yanke mata hukunci ba, sai an san gidansu. Tambaya uku muke yi: me take ci, me take shaƙa, wane zafi take so? Ƙwayoyin masai suna son ɗumin jikin mutum, shi ya sa akwatin ɗumin ofishinmu a nan aka saita shi. Na sa ruwan a ciki, na jira, shiru, ko ɗaya bai tsiro ba. Abin ya tsaya mini a rai. Suna nan da yawa, amma sun ƙi abincinmu, sun ƙi ɗuminmu. To su waye?

Na ce, "Oga, ko dai zafinmu ne bai ishe su ba? Daga ƙasa can suka fito, inda ba iska."

Ya ce, "Kai da son bin diddigi! Akwatin nan ba ya wuce haka. In ka samo wani kafin motar ta zo, bismilla."

Na cika kwalabe uku da ruwan rijiyar har baki, na zuba garin tsatsa da ɗan romon da muke ciyar da ƙwayoyi, na toshe da kakin zuma don kada iska ta shiga. Ɗaya na bari a akwatin ofis. Ɗaya na tafasa ta sosai don duk mai rai ya mutu, ita ce shaida. Na ɗauke ta da wata ɗanya na nufi gidan burodin Alhaji Mamman, inda ma'aunin zafi ya nuna mini yashin bayan tanda ya yi daidai: hannu na shiga, amma ba ya daɗewa.

Bayan doguwar gaisuwa na faɗi buƙatata. Alhaji ya dubi kwalaben, ya dube ni.

"La ilaha illallahu! Jar ƙasa cikin kwalba, an liƙe da kaki, ka binne mini bayan tanda? Wanga aiki mi sunanshi in ba asiri ba? Gobe gari ya ɗauka da shi nike jan kasuwa!"

Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na yi bayani har baki ya bushe. Da ya ji zancen rijiya sai ya sauko, amma da sharaɗi: da rana tsaka za a binne, a gaban maƙwabta, in maimaita bayanin da ƙarfi kowa ya ji. Haka na tsaya ina wa'azin bakteriya ga mai shayi da masu jiran burodi, suna ta dariya.

Daga nan Alhaji ya fi ni zumuɗi. Kullum na zo sai ya ce, "Baƙinka ba su tashi ba tukuna." Ni kuma kowace ƙarar mota sai gabana ya faɗi. Ran nan da hantsi na tarar da shi tsugune yana jirana, ya ƙi taɓa komai. Na tono. Dafaffiyar tana nan ja yadda na sa ta. Ɗanyar kuwa ta koma baƙa ƙirin. Na kara mata mayen ƙarfe, baƙin garin ya taso ya bi shi a jikin kwalba. Alhaji ya ce, "Ikon Allah! Ƙarfe suka ci?"

Na ce, "Shaƙarsa suke yi, Alhaji, yadda muke shaƙar iska."

Ta ofis ba ta canza ba. Malam Sahabi ya jera ukun, ya daɗe yana wasa da mayen ƙarfen kamar ba shi ba. Ya ce ashe su ke taɓa tsatsar ƙasa ta narke a ruwa, in ya sha iska a randa ta koma ja. Muka duba littattafanmu kaf, muka ga dangin masu son zafi, amma ba mu ga mai shaƙar ƙarfe a cikinsu ba. Sunan ƙwayar dai ban samu ba har na yi ritaya, kuma abin na damuna har yau. Oga ya sa aka sake gwajin masai, babu. Masu toshewa suka zo, aka mayar da su gina kwandon yashi da ke tace jan.

Abin da na koya ke nan: kada ka kashe wa mutane rijiya kan ƙwayar da ba ka tambayi gidansu ba.

Da muka je ƙauyen, mai gari ya saurare mu tsaf, sannan ya ce, "Malam, ni tambayata guda. Abin nan da ke cin ƙarfe, in ya shiga cikinmu fa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zai zauna ba. Mun yi masa sanyi."

Ya dubi rana, ya share zufa da hannun riga, ya ce, "Mu? A Maradun?" Sannan ya juya ya ce wa mata su kawo tulunansu.