Miyar surukina da na ƙi sha a gabansa

Ya ajiye min kwanon da hannu biyu, ya ce, "Umma, bismilla," da 'yar Hausar da ya koya. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ce a rufe min.

Yusuf kenan, mijin 'yata Hajara. Bature ne ɗan tsibiran Faro, ya musulunta. Umara suka zo, suka sauka a gidanmu da ke unguwar Bani Harisa.

Ranar tafiyarsu ya shiga kicin tun hantsi da lobsta, ƙaton jatan landen nan da ya sa aka kawo daga garin Yanbu na bakin teku. Ya soya ɓawon a man shanu da albasa, ya dafa, ya tace, ya zuba kirim na madara. Ƙamshi har bakin ƙofa.

Amma ina ni ina cin abinci gaban suruki? Ba haka muka taso ba.

Sai da suka kama hanyar filin jirgi na buɗe. Wallahi har kwanon na suɗe.

Da suka sauka Hajara ta kira. "Umma, ya ɗauka ƙyamar girkinsa kika yi."

Na ce, "Kunya ce fa, ke ma kin sani."

Ta ce, "Na faɗa masa. Amma miyar mahaifiyarsa ce. Tun da ta rasu bai dafa wa kowa ba sai ke."

Na aika masa hoton kwanon wayam, amma ba kwano ya so gani ba, fuskata ya so gani.

Ku faɗa min gaskiya, da ku ne za ku sha a gabansa?