Yaya Mamman da Libarbarsa ta Faransa

Shekara talatin da biyar ke nan bana da muka kai Yaya Mamman makwancinsa, a ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta da ke bayan garin Lyon. Yanzu na wuce shekarun da ya yi a duniya nesa ba kusa ba, gwiwoyina sun fara ƙin matakalar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, amma har yau in na tuna shi sai in ji ni ne Mutari, ƙanen nan da ake aika sayen goro. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, domin abin da ya fi tsaya mini a rai game da shi abu ne da mutanenmu ba su cika son a ambata tare da mamaci ba: bindiga.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ƴan Damagaram. Ya shiga sojan Faransa tun kafin ƙasarmu ta samu ƴancin kai, da ya ajiye kaki kuma bai koma gida ba. Ya samu takardun zama ɗan ƙasa, ya zauna da iyalinsa a Rillieux-la-Pape, cikin dogayen benayen nan da aka jera a arewacin Lyon, yana aikin rakiyar motar da ke kai kuɗi banki. Shi ya ɗauko ni daga gida, ya tsaya mini har na buɗe shagon atamfa a Barbès, nan Paris. Mutum ne marar yawan magana. Ba ya shan taba, ba ya kallon ƙwallo, ba ya zaman majalisa. Abu ɗaya ya sani bayan aiki da masallaci, shi ne ƙungiyar masu harbin takarda da yake zuwa ranar hutu, inda ake kafa farar takarda mai baƙin ɗigo a nesa, kowa ya gwada hannunsa.

Don wannan wasan ne hukuma ta ba shi izinin mallakar ƙaramar bindiga tasa ta kansa, daban da ta wurin aiki. Libarba ya saya, irin mai tulun nan da ke juyawa da harsashi shida, ƙirar wata masana'anta ta Faransa. Nauyi gare ta kamar taɓarya ƙarama. Yana kulle ta a akwatin ƙarfe, mabuɗin yana jikinsa, ƴaƴansa ba su taɓa ganinta a fili ba. A wurinsa duk wata bindigar hannu da ba daga masana'antar nan ta fito ba, kayan wasan yara ce.

Amininsa kuwa, Alhaji Isufu mutumin Tawa, bai yarda da haka ba ko kaɗan. Tare suka yi soja, ɗaki ɗaya suka kwana shekaru, shi ne ma ya karɓa wa Yaya aure. Alhaji Isufu ya zama ɗan kasuwa a unguwar Belleville, nan Paris, yana aika kayan gyaran mota gida, shi ma kuma yana cikin wata ƙungiyar harbi a gefen Paris. Sai dai shi fistole yake riƙewa, mai ɗaukar harsashi a cikin mariƙi, ƙirar Italiya. Ba su kaɗai ba ne da wannan ciwo. Turawan da ke ƙungiyoyin nan ma haka suke rabe, ƴan libarba a teburinsu, ƴan fistole a nasu, cikin ƴan fistolen kuma masu ta Italiya ba sa ga maciji da masu ta Jamus. Na taɓa ganin tsofaffi biyu, dukkansu da furfura, sun kusa ba hammata iska a kan wace masana'anta ta fi iya gyara kunamar bindiga. Babu ɗayansu da ya taɓa taka ƙofar masana'antar.

Da aka buɗe sabon jirgin ƙasa mai gudu tsakanin Lyon da Paris a farkon shekarun tamanin, sai Yaya ya riƙa zuwa akai-akai. Mu uku mukan zauna a wani ƙaramin gidan abinci na wata Basanagaliya a Belleville. Gaisuwa takan yi tsawo yadda ya kamata, a tambayi iyali, a tambayi labarin damina a gida, a yi wa matattu addu'a. Kafin shinkafa ta huce an koma inda aka tsaya wancan karon.

"Kai dai Mamman, wagga tsohuwa taka," in ji Alhaji, "kahin ka gama ɗura mata harsashi shida, ni na ƙare na tahi gida na yi salla."

"Ka tafi lafiya," Yaya zai ce, bai ɗago daga kwanonsa ba. "Wanda ya san inda zai sa na farko, ba ya bukatar na goma sha biyar. Taka kuma ran da ta shaƙe maka, ka zo in ara maka."

Ni ban taɓa riƙe bindiga ba, ban kuma taɓa sha'awa ba. Ina zaune tsakaninsu ina cin abinci, na haddace hujjar kowa kamar karatun allo. Da fari abin dariya ne. Da shekaru suka tura sai ya fara gajiyar da ni, domin na lura maganar tana cinye duk wata magana. Mahaifiyarmu ta rasu a Damagaram, Alhaji ya zo gaisuwa Lyon, kafin ya tashi tafiya sai da aka taɓo zancen ƙarfen Faransa da na Italiya.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin abin ya ƙara zafi. Wata sabuwar fistole ta fito daga Ostiriya, rabin jikinta roba, marar nauyi, marar kyan gani. Alhaji ya sayar da ta Italiyar da ya yi shekaru yana rantsuwa da ita, ya sayi wannan. Yaya ya ɗauki abin kamar cin amana. Ba don yana son ta Italiyar ba, a'a, cewa ya yi mutumin da zai bar abin da ya daɗe yana karewa don an fito da sabo, ba a san ranar da zai bar mutane ba. Alhaji ya ji wannan maganar, ta kuma yi masa ciwo.

A lokacin ne na fara lura da idon Yaya. Ciwon sukari ya kama shi, bai gaya wa kowa ba sai matarsa, Hajiya Zuwaira. Na ga yana nisanta jarida daga fuskarsa, sannan ya matso da ita, sannan ya ninke ya ajiye. Na ga ya wuce ni a bakin tashar jirgi bai gane ni ba sai da na yi magana. Da na tambaye shi, sai ya ce gajiya ce.

Ana haka ƙungiyar su Alhaji ta zo Lyon gasa da ƙungiyar su Yaya. Alhaji ya matsa mini sai na bi shi, na bi. Wuri ne dogo kamar rumfar kasuwa, kowa da abin toshe kunne, warin albarushi ya cika ko'ina. Yaya ya tsaya yadda ya saba, kafaɗa a miƙe, hannu ko rawa ba ya yi. Bayan ya gama aka janyo takardarsa. Ramukan sun watse ko'ina, wasu ma ba su taɓa baƙin ba, shi da aka san shi da tara su wuri guda kamar an huda da ƙusa. Takardar Alhaji kuwa ta yi kyau ƙwarai.

Ƴan fistole suka fara shewa. Wani Bature ya ce da ƙarfi lokacin libarba ya wuce, a kai ta gidan tarihi. Alhaji, da farin ciki ya ɗebe shi, ya ɗaga robarsa yana dariya, ya ce da Hausa: "To Mamman, yau dai ka gani da idonka. Tsohuwa ta gaji."

Yaya ya cire abin kunnensa a hankali. Cikin mutanen da ke tsaye akwai shugabansa na wurin aiki, wanda shi ma ɗan ƙungiyar ne, Yaya kuma ya san yana nan. Ya buɗe bindigar, ya zazzage kwanson harsashi, ya ajiye ta a kan tebur, sannan ya yi magana da Faransanci don kowa ya ji.

"Bindigar nan ba ta da laifi. Ku ba kowa a cikinku, za ta sa shida a wuri ɗaya. Idona ne. Na daɗe ba na ganin baƙin sosai."

Ba wanda ya sake dariya. Na dubi Alhaji, na ga hannunsa ya sauka. Ya gane kafin ni abin da wannan magana za ta jawo. Mai rakiyar kuɗi da bindiga a ƙugu ba ya cewa ba ya gani a gaban shugabansa. Ba a daɗe ba aka tura Yaya wurin likitan kamfani, aka sauke shi daga mota, aka ba shi kujera a ƙofar wani sito yana ɗaga wa manyan motoci sandar ƙofa su wuce. Albashi ya ragu, Hajiya Zuwaira ta fara aikin shara a wata makaranta. Na tambaye shi me ya sa bai yi shiru ba, ya bar su su zagi ƙarfe, tunda ƙarfe ba ya jin zagi. Ya ce ba zai ɗora wa abin da bai taɓa ba shi kunya ba laifin da ba nasa ba. Ya ƙara da cewa dama ya daɗe yana tsoron ranar da za a tare motar, ya ja kunama, ya sami wanda ba shi ya nufa ba. Har yau ban san wanne ne ainihin dalilin ba, mai yiwuwa shi ma bai sani ba.

Izinin bindigarsa ma bai sabuntu ba, tunda sai da takardar likita. Doka ta ce ko ya sayar wa mai izini, ko ya miƙa wa hukuma a lalata. Alhaji ya hau jirgi ya je har Rillieux, ya roƙe shi ya bar masa ita a kan sunansa, ya ce zai riƙa shafa mata mai, duk ran da Yaya ya zo Paris ya ɗauka ya riƙe. Yaya ya yi masa godiya, ya ce ba za ta kwana akwati ɗaya da roba ba. Ni na raka shi ofishin ƴan sanda da safe, yana riƙe da hannuna wajen tsallaka titi. Ɗan sandan da ya karɓa ya juya ta, ya yaba yadda aka kula da ita, ya ce abin tausayi ne a narka irin wannan. Yaya ya ce, "Haka ne," muka fito. A hanya ya tsaya ya sayi burodi, bai sake ambatar ta ba har ya bar duniya.

Bai kai shekara biyu bayan haka ba ƙodarsa ta gaza, ya rasu. Alhaji ne ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi.

Yanzu Barbès ta cika da shagunan waya. Ɗan Yaya, Abdu, da aka haifa a Lyon, yakan zo wurina da ƴaƴansa, in ji su suna musu da Faransanci a kan wace waya ta fi wace, kowa ya kafe a kan kamfaninsa, fuska a murtuke. Nakan ga ubansa a goshin Abdu, in rasa dariya zan yi ko me. Ina jin da Yaya yana nan da ya ce musu shirme suke yi, ba tare da ya ga kamannin ba. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne labarin gida. Shi da ya yi rayuwarsa da bindiga bai taɓa nuna ta ga ɗan Adam ba bayan ya bar soja, takarda kawai ya huda. Yau ƴan uwa suna kirana suna gaya mini hanyoyin da ba a bi in rana ta yi sanyi, da garuruwan da aka tashi saboda yara masu bindiga a kan babur. Can ba wanda ke tambayar wace masana'anta ta ƙera. Ina tsammanin da ya ji wannan, wataƙila da ya ji kunyar shekarun da ya ɓata yana yabon ƙarfe.

In na auna abin da ya rage nasa, ba shi da yawa. Bai bar gida ba, bai bar dukiya ba. Ya bar ƴaƴa da ba sa ƙarya ko da gaskiya za ta cuce su, wannan kam gadonsa ne, na kuma ga yadda take cutar da su a wuraren aiki. Ya bar mini taurin kai da nake jin haushi da kewa a lokaci guda. Na kasa yanke hukunci ko abin da ya yi a rumfar harbin nan mutunci ne ko wauta, na kuma gaji da ƙoƙarin yankewa.

Alhaji Isufu ya koma Tawa tuntuni, ya tsufa ƙwarai, ya rabu da bindigoginsa tun kafin ya tafi. Duk shekara idan watan rasuwar ya zo yakan kira ni. Mu gaisa a gajarce, mu yi wa Yaya addu'a, sannan ya ce, "Amma Mutari, ka san ta roba ta hi." Ni kuma, da ban san yadda ake ɗura harsashi ba, sai in jero masa hujjojin Yaya ɗaya bayan ɗaya, ya yi ta musu har katin wayarsa ya ƙare. Bana da ya kira, jikina ba daɗi, ba ni da ƙarfin ja. Na ce masa, "Alhaji, na yarda, taka ta fi."

 

"Mamman ba ya cewa haka," ya ce, ya kashe wayar.

Allah ya jiƙan Yaya Mamman, ya haskaka kabarinsa. Gobe in Allah ya kai mu, ni zan kira Alhaji in janye maganata.