Jirgin da Na Shayar a Al Qusais

A gidanmu na Yauri, namijin da bai iya riƙe gizago ba, ba a cika neman shawararsa ba. Kakana masassaƙin jirgi ne, haka Baba, haka yayyena biyu. Ni kaɗai na fanɗare na bi boko, har na tsinci kaina a Dubai ina aikin na'urorin sanyaya ɗaki. Duk Juma'a ina kiran Baba, amma hirar ba ta wuce gaisuwa: lafiya lau, ya mutan gida, Allah ya yi albarka. Ba fushi yake da ni ba. Abin cewa ne ba mu da shi, kuma hakan yana ci mini rai.

A shekarata ta uku, na je bakin teku shan iska sai na hango wani Bature cikin wani siririn abu kamar kwasfar ɗorawa. An rufe samansa, an bar ramin zaman mutum ɗaya, filafilin tuƙinsa kuma kai biyu gare shi. Yana fitowa na tare shi da tambayoyi kamar ɗan sanda. Ina ake zuba kaya? In ruwa ya shiga ta ina ake kwashewa? Ya yi dariya, ya ce sunan jirgin kayak, kuma da hannunsa ya haɗa shi da filawud, katakon nan na siraran falle da ake mannewa da gam.

A gidan da muke haya a Al Qusais akwai wani mutumin Ghana, ɗan zangon Kumasi, kafinta a wani sito da ake haɗa akwatunan aika kaya ƙasashen waje. Maigidansa ya yarje mana mu kwashi ragowar filawud, mu yi aikinmu a bayan siton in an sauko daga masallacin Juma'a. Na ƙudurta sai na haɗa nawa kayak ɗin, na samo zanensa a intanet. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne babu ƙusa ko ɗaya: huda gefen katakon ake yi a ɗinke da waya, yadda mata ke ɗinke fasasshiyar ƙwarya.

Ranar da na faɗa wa Baba, sai na ji ya gyara zama.

"Taki nawa ne tsawonsa?"

Na faɗa masa.

"Faɗinsa fa? Kai, wannan ai makara ce! Mutum guda da filafili mai kai biyu? Gudun wa yake yi?"

Ranar sai da katina ya ƙare. Daga nan kullum Juma'a yana jirana da tambaya, har ya fara cewa "jirginmu". Ni da gemuna, sai in ajiye waya ina murmushi ni kaɗai.

Da muka gama ɗinki muka cike layukan da gam, sai Baba ya ba da umarni. A wurinmu ba a hawa sabon jirgi sai an shayar da shi: a nutsar da shi ko a cika shi da ruwa kwana uku, katakon ya sha ya kumbura, ya toshe duk wata kafa da kansa. "Ka shayar da shi tun bai ga fenti ba," in ji shi. "Jirgin da bai sha a gida ba zai sha a tsakiyar kogi."

Da na faɗa wa kafinta, ya riƙe baki. "Injiniya, wannan ba maɗaci ba ne fa. Filawud ɗin akwati ne, chale, abokina. Rufe shi ake yi da gam ciki da waje don kar ya ga ruwa. In ya sha, khalas, ya gama yawo."

Na san gaskiyarsa. Ko a makaranta na karanta. Amma tunda nake, Baba bai taɓa ba ni umarnin sana'a ba sai ranar. Sai na haɗe rai na ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

"To, babban ya taɓa ganin filawud?" in ji kafinta.

Na jawo tiyo na buɗe famfo.

Ranar farko yana ɗiga ta gefe-gefe. Washegari bayan aiki na zo na tarar ɗigar ta tsaya cak, har na yi wa kafinta tsiya na ce ya zo ya ga ilimin Yauri. A rana ta uku jikin jirgin ya yi ƙuraje, na danna da yatsa ya lotsa. Fallen katakon suka dinga ɗagowa kamar littafin da ruwan sama ya daka. Na tsuguna ina ɓare su ɗaya bayan ɗaya, ina mamakin yadda aka gitta kowane falle a kan ɗan'uwansa. Biyar na ƙirga. Aikin wata huɗu ke nan. Kafinta bai ce ai na faɗa maka ba. Shayi ya sayo mini.

Juma'a ta zo ina ta juya waya a hannu. Zan iya ce wa Baba mun kai jirgin dam ɗin Hatta ya yi gudu kamar kifi. Wa zai ƙaryata ni? Tsorona ɗaya: in babu jirgi, mu koma lafiya lau da Allah ya yi albarka.

"Ya sha?" shi ne abin da ya fara tambaya.

"Ya sha, Baba. Ya mutu."

Na yi masa bayanin fallen da gam ɗin. Ya sa na maimaita, ya tambayi kaurin kowane falle, da itacen da ake yankowa.

"Tun ina saurayi nake sassaƙa jirgi," ya ce a hankali, "ban taɓa kashe na kowa ba sai na ɗana."

Na ce ba laifinsa ba ne, an gargaɗe ni na ƙi ji.

"Don ni ka ƙi ji, na sani. Kar ka zubar. Yanko mini guntu ka ba mai zuwa gida, in gan shi da idona. In kun tashi yin wani, kai za ka riƙa faɗa mini yadda ake yi. Ka ji?"

Na ɗaga kai alamar na ji, na manta ba ya ganina.