Laifin da Na Ɗora wa Ruwan Shinkafa

Shekara huɗu ina ɗora wa ruwan shinkafa laifin da ba nasa ba. Ni ne shugaban 'yan dashe a wata gona bayan Kura, kullum muna cikin taɓo har gwiwa. Duk sanda ƙurajen suka feso mini a gaba, ƙanana masu ruwa, suka fashe suka bar gyambo, sai in ce ruwan gona ne. Alhali na san ɗakunan da nake shiga a bakin titin Zariya ranar kai tumatir.

Ba ni kaɗai ba. In aka ga mutum yana tafiya yana ware ƙafa, sai dariya.

"Mutumina, ruwa ya cije ka ke nan?"

"Bari kawai, ruwan bana dafi gare shi."

Maganinmu, Allah ya yafe mana, ragowar maganin feshi ne a tsumma. Tsumma ɗaya, rataye jikin injin ban-ruwa, ya yi baƙi ƙirin, yana warin da har yau nake jin amai in na tuna. Ni na koya musu. Wurin ya ƙone ya ƙara buɗewa, mu ce magani na ci.

Da ƙurajen suka fito wa matata, ta ce, "Malam, ni da ban taɓa taka gonar shinkafa ba?"

Na ce daga wankin wandona ne. Ko idona ban ƙifta ba.

Rama da zazzaɓi suka kai ni asibiti. Likitan ya duba, ya girgiza kai.

"Malam, wannan ba ruwa ba ne. Wajen saduwa ake ɗauka, ya kwanta ya tashi. Kuma ta gyambon nan ƙanjamau ke samun hanya cikin sauƙi."

Aka gwada jinina, aka samu. Ya ce in kawo iyalina.

Na tarar da ita a tsakar gida tana cuɗa wandon gonata. Na faɗa mata duka, har ɗakunan. Ba ta yi kuka ba. Ta tsame hannunta daga kumfa, ta ɗauko mayafi.

"Tashi mu je. Amma ka yi gaba, ba zan jera da kai ba."

Nata ya fito babu ƙanjamau, an sake bayan wata uku, babu. Ƙurajen kam na bar mata su har abada. Tun ranar ni nake wanke wandona.