Murya Ɗaya Cikin Sittin

Shekarar da aka ba ni aji ɗaya a firamaren ƙauyenmu, can gefen Kunci, na buɗe wa yarana shafi a intanet. Ba wani abin a zo a gani ba ne. Da wayata nake ɗaukar muryar yaro yana karanta baƙaƙe ko yana ƙirga ƙwayar gyaɗa, ranar kasuwa in na samu sabis sai in ɗora. Iyaye maza da ke ci-rani a Kudu suna sauraro, har wani ya kira ni yana ta sa albarka. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Daga nan na fara zaɓe. Masu zaƙin baki su nake sawa gaba. Akwai wata 'yar siririya a layin baya, mai in'ina, kullum hannunta a sama.

"Malama, ni fa?"

Kafin ta gama fitar da kalmar, 'yan ajin sun fara dariya. Ni kuwa sai in ce, "Bari ki ƙware tukuna. Gobe." A ganina rufa mata asiri nake yi. Gaskiyar magana, shafina nake wa kwalliya.

'Yar fari ce, uwarta kuma irin masu alkunyar nan ce, ba ta kiran sunanta, ba ta tambayar karatunta. In muka haɗu a bakin famfo na ɗauko zancen yarinyar, sai ta kau da kai ta shiga maganar tsadar taki.

Gero ya fara fid da kai zazzaɓi ya kwantar da yarinyar. Kwana huɗu ta yi, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar bakwai uwar ta zo gidanmu da hantsi. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Malama, an ce kina ɗaukar maganar yara a waya."

"Ina ɗauka."

"To, ko akwai ta wannan ɗin?"

Ko a ranar ba ta faɗi sunan ba.

Na san babu, amma na yi ta lalube, daga sama har ƙasa. Ɗan wane, 'yar wane, wasu ma sau biyar-biyar. Ban taɓa jin haushin kaina kamar ranar ba. Ƙarshe na kunna mata abin da kawai ya rage: duk ajin, su sittin, suna ƙirge tare, hayaniya kamar kasuwar awaki.

Ta kara wayar a kunne, ta rufe ido. Can sai ta ɗaga yatsa.

"Ga ta nan. Ita ce mai zuwa bayan kowa ya gama."

Na karɓa na saurara. Haka ne kuwa. Bayan kowace lamba akwai wata 'yar murya da ke isowa a makare, tana ƙarasa tata ita kaɗai. Sau nawa na ji abin nan kafin in ɗora shi, ban taɓa jin ta ba.

"Mayar min," in ji ta.

Na mayar, na sake mayarwa, har wayar ta yi zafi. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Sannan ta miƙo min ita da hannu biyu, ta gyara mayafi.

"Ashe ta iya har goma," ta ce.